Darasi na 9: Alamar Addini a Bangon Gwamnati

Wannan darasi yana cikin sashen ilimin zaman ɗan ƙasa. Za mu bi wata takaddama da Amurkawa suka daɗe suna yi a kotunansu, a kan ko ya halatta a kafa alamar addini a cikin ginin gwamnati, kuma da kuɗin wa. Ana so idan an gama, ɗalibi ya iya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: 'yancin mutum na yin addininsa, da ikon hukuma na sa dukiyar jama'a a hidimar addini. Darasin yana da shekaru da adadi da yawa. Malami ya riƙa rubuta su a allo yayin da ake karatu.

Dala 20 a shekara

A jihar Rhode Island akwai wani gari mai suna Pawtucket. Shekara 40 da ɗoriya, duk watan Disamba hukumar garin takan ƙawata wani dandali da ke unguwar shaguna saboda bikin Kirsimeti. Akan kafa bishiya mai fitilu, da ɗan gidan Baba Kirsimeti, tsohon nan mai jar riga da farin gemu, da mutum-mutumin wasu dabbobi masu kama da barewa da ake cewa su ke jan kekensa. A cikin kayan akwai wani abu da Kiristoci suke girmamawa ƙwarai, wato siffar wurin da suka yi imani an haifi Annabi Isa: jariri a kwance cikin komin dabbobi, ga Maryamu, ga Yusufu, ga makiyaya. Hukumar gari ce ta sayi wannan siffa a 1973 a kan dala 1,365. Kafa ta da kwashe ta kuwa, abin da yake ci a shekara bai wuce kimanin dala 20 ba.

A kan wannan ne wasu mazauna garin suka kai hukumarsu ƙara, aka yi ta hawa daga kotu zuwa kotu har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1984. Wani zai ce waɗannan mutane ba su da aikin yi, tunda kuɗin lauya na yini guda ya ninka abin da ake faɗa a kansa. Kafin mu yanke musu wannan hukunci, sai mu koma baya shekara 200, mu ga inda Amurkawa suka samo wannan ɗabi'a ta tsayawa a kan ɗan ƙaramin kuɗi.

Toro a Bajiniya

Kafin Amurka ta ƙwaci kanta daga Ingila, yankin Bajiniya yana da cocin hukuma, wato Angilika. Kowa yana biyan haraji domin albashin limamanta, ko yana binta ko ba ya bi. Masu wa'azin Baptis da suka yi wa'azi ba da izinin hukuma ba, an daure wasunsu a kurkuku. Bayan samun 'yanci, a 1784, wani fitaccen ɗan siyasa mai suna Patrick Henry ya kawo ƙudiri da yake ganin na adalci ne: a dawo da karɓar harajin malaman addinin Kirista, amma kowa ya zaɓi cocin da za a ba kuɗinsa.

James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na huɗu, ya rubuta takardar ƙorafi a 1785, mutane suka yi ta sa hannu. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa hukumar da ta iya tilasta maka ba da kwabo uku, toro ke nan a tsohon lissafinmu, domin wani addini, ta sami ƙofar tilasta maka bin duk wanda ta ga dama gobe. Ya kuma ce ikon da zai ɗaga Kiristanci a kan sauran addinai, shi ne zai ɗaga wata ɗarika ta Kirista a kan 'yan'uwanta. Ƙudirin Henry ya mutu, kuma a 1786 majalisar Bajiniya ta zartar da dokar 'yancin addini da Thomas Jefferson ya tsara, wadda ta hana a tilasta wa kowa tallafa wa wani wurin ibada.

A lura da wannan sosai, domin ana yawan mantawa da shi. Mutanen da suka fi cika takardun ƙorafin nan da sa hannu masu addini ne, 'yan Baptis da 'yan Firesbiteriya, waɗanda suka ɗanɗana zaman tsiraru a ƙarƙashin cocin hukuma. Sun ga da idonsu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: limamin da hukuma take ciyarwa, hukuma ce take gaya masa iyakar bakinsa.

A 1791 aka shigar da wannan tunani cikin kundin tsarin mulkin ƙasa. Gyara na farko da aka yi wa kundin ya ɗora wa majalisar tarayya hani biyu a kan addini. Kada ta yi dokar da za ta kafa addinin hukuma, kada kuma ta hana kowa yin addininsa. Da farko hanin ya tsaya a kan gwamnatin tarayya kaɗai, har jihar Massachusetts ta ci gaba da tallafa wa coci da haraji zuwa 1833. Sai a 1947 Kotun Ƙoli ta ce hanin kafa addini ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi. Daga nan ne duk wani bangon makaranta, kotu ko ofishin gunduma ya zama abin da za a iya kai ƙara a kansa.

Yadda kotu ta yi da siffar haihuwa

Kotun Ƙolin Amurka tana da alƙalai 9. A shari'ar Pawtucket, 5 suka ba hukumar gari gaskiya, 4 suka saɓa. Masu rinjaye suka ce siffar tana tsakiyar kayan biki iri-iri, saboda haka hukuma tana nuna tarihin ranar hutu ne da ƙasa ta daɗe da amincewa da ita, kuma amfanin da addini ya samu kaɗan ne. Lauyoyi suka laƙaba wa wannan hukunci suna dokar barewa, wato idan kana son alamar addini ta tsira a kotu, ka kewaye ta da barewar roba.

Alƙali William Brennan, wanda shi kansa ɗan Katolika ne, yana cikin waɗanda suka saɓa, kuma abin da ya faɗa ya cancanci a tsaya a kai. A ganinsa, a ce siffar haihuwar Almasihu daidai take da gidan Baba Kirsimeti cin fuska ne ga Kiristan da ya ɗauke ta da tsarki, kamar yadda kafa ta da sunan hukuma yake ware wanda ba Kirista ba. Ma'ana, domin hukuma ta ci shari'a, sai da ta yarda cewa abin da ta kafa ado ne kawai. Alamar ta zauna a dandali, amma an tuɓe mata rigarta.

Bayan shekara 5, a 1989, aka koma kotu daga birnin Pittsburgh. A wannan karo siffar haihuwar ba ta gwamnati ba ce. Wata ƙungiyar Katolika ce ta mallake ta, har an rubuta haka a jikin allo. Amma an ajiye ta ita kaɗai a kan babbar matakalar kotun gundumar Allegheny, wuri mafi kyau a ginin, da rubutun yabon Ubangiji da Latin a samanta. Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki. A cikin hukunci guda kuma ta halatta wata fitilar Yahudawa mai rassa, mai tsawon ƙafa 18, da ake kafawa lokacin bikinsu na Hanuka a ƙofar wani ginin hukuma da ke kusa, saboda tana tsaye kusa da bishiyar Kirsimeti mai ƙafa 45 da allon yabon 'yanci.

Ku kwatanta shari'o'in biyu. Wadda gwamnati ta saya da kuɗinta ta tsira, wadda masu sa kai suka biya ta faɗi. Ashe ke nan tambayar wa ya biya ba ta gama magana.

Bango ma dukiya ne

Tun 1980 kotu ta riga ta nuna haka. Jihar Kentaki ta yi doka cewa a rataye Dokoki Goma, waɗanda Yahudawa da Kiristoci suka yi imani an ba Annabi Musa, a kowane ajin makarantar gwamnati. Masu dokar sun yi dabara, suka ce da gudummawar mutane za a buga allunan, ba za a taɓa baitulmali ba. Kotun Ƙoli ta soke dokar duk da haka. Bangon na gwamnati ne, umarnin ratayawa daga majalisa ya fito, yaran da ke zaune a ajin kuma doka ce ta kawo su.

Marubucin wannan darasi yana ganin nan ne zuciyar maganar take. Idan wani ya zo ya kafa allonsa a ƙofar gidanka, ba zai wanke kansa da cewa shi ya biya kafinta ba, domin duk mai wucewa zai ɗauka maganarka ce. Ginin gwamnati gida ne da kowa ya sa bulo a cikinsa. Filin, da wutar lantarki, da mai gadi, da mai shara, da kwarjinin da sunan hukuma yake ba wurin, duk dukiyar jama'a ce, ko da ba a ga fitarta a takardar kasafi ba.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika gani ba sai an zo aiki. Dokoki Goman ba ƙirga ɗaya ake musu ba. Yahudawa suna da tsarinsu, 'yan Katolika da 'yan Luther suna da nasu, yawancin sauran Furotesta suna da nasu daban. Jami'in da zai aika rubutu wurin mai sassaƙa dole ya zaɓi ɗaya. Da zarar ya zaɓa, gwamnati ta shiga tsakanin malamai a kan nassin addini, abin da Madison ya hango tun 1785.

Dutsen Alabama

Labarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Roy Moore, alƙalin alƙalan jihar Alabama. A daren 31 ga Yuli 2001, ba tare da ya shawarci sauran alƙalan kotunsa ba, ya sa aka shigo da wani dutse mai nauyin kusan kilo 2,400, an sassaƙa Dokoki Goma a kansa, aka girke shi a tsakiyar zauren ginin shari'a na jihar a birnin Montgomery. Ba da kuɗin jiha aka yi dutsen ba. Moore bai kuma ɓoye nufinsa ba: ya ce yana so a shaida cewa ikon Allah yana bisa shari'ar ƙasa.

Wasu lauyoyi da aikinsu yake kai su ginin suka kai ƙara. A Nuwamba 2002 alƙalin tarayya Myron Thompson ya ce a cire dutsen, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, Moore ya ce allambaran. Magoya bayansa suka taru a ƙofar ginin suna addu'a dare da rana. A Agusta 2003 sauran alƙalai 8 na kotunsa suka haɗu suka ba da umarnin a kawar da dutsen, a Nuwamba kuma kotun ladabtar da alƙalai ta tuɓe shi daga muƙaminsa saboda ƙin bin umarnin kotu. Mutanen jihar sun sake zaɓensa a 2012, abin da ke nuna cewa da yawa suna tare da shi.

Sai batun kuɗi. Akwai dokar tarayya ta 1976 da ta ce wanda ya ci hukuma a shari'ar kare haƙƙi yana iya neman ta biya masa kuɗin lauya. Jihar Alabama ta biya sama da dala 500,000. Dutsen da aka ce kyauta ne, a ƙarshe masu biyan haraji suka ɗauki nauyinsa, har da waɗanda tun farko ba su so shi ba.

Yana da kyau mu yi tunani a kan me ya sa kotu ta fi sauran gine-gine tsanani. Kasuwa, idan ba ka so, sai ka sauya wata. Wurin ibada, da ƙafarka kake zuwa. Kotu kuwa sammaci ne yake kawo mutum, sau da yawa a ranar da ya fi kowace rana rauni: ana shari'ar gonarsa, ko aurensa, ko 'yancin ɗansa. A ce mutumin nan Bahindu ne ko Musulmi ko wanda ba ya bin kowane addini, abokin shari'arsa kuma ɗan cocin alƙali ne, sannan abu na farko da ya tarar a zaure shi ne nassin addininsu a kan dutse. Ko da alƙali ya yi adalci tsantsa, an riga an shuka shakka a zuciyar wanda aka kayar, kuma hukuncin da ba a yarda da tsarkinsa ba ba ya kashe rigima.

Rana ɗaya, hukunci biyu

A ranar 27 ga Yuni 2005 Kotun Ƙoli ta fitar da hukunci biyu a kan Dokoki Goma. A na farko, alƙalai 5 da 4, ta haramta allunan da gundumomin McCreary da Pulaski na Kentaki suka rataye a kotunansu. Da aka kai su ƙara, gundumomin sun yi ta ƙara wasu takardun tarihi a kewayen allon domin ya yi kama da baje kolin tarihi, amma kotu ta ce ta ga yadda abin ya faro, nufin addini ne. A na biyu, shi ma 5 da 4, ta halatta wani dutse mai ƙafa 6 da ke harabar majalisar jihar Teksas, wanda wata ƙungiyar sa kai ta bayar a 1961, yana tsaye cikin wasu abubuwan tunawa 17 a fili mai faɗin eka 22. Alƙali guda, Stephen Breyer, shi ne ya sauya ɓangare. Hujjarsa ita ce dutsen Teksas ya shekara 40 ba wanda ya kai ƙara, kuma tumɓuke irinsa a faɗin ƙasa zai haifar da rabuwar kan da tsarin mulki yake gudu.

Daga waɗannan shari'o'i ɗalibi zai iya tsamo abin da alƙalai suka riƙa dubawa: inda aka kafa alamar, abin da ke kewaye da ita, nufin wanda ya kafa, da tsawon zamanin da ta yi.

Wannan na ƙarshe shi ya yi ƙarfi a 2019. A garin Bladensburg na jihar Maryland akwai gicciye na kankare mai kusan ƙafa 40, da aka gama a 1925 domin tunawa da sojoji 49 'yan yankin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Iyalai da tsofaffin sojoji ne suka tara kuɗin gina shi. A 1961 wata hukumar jiha ta karɓi filin saboda ya zama mahaɗar manyan hanyoyi, ta kuma kashe sama da dala 100,000 wajen kula da shi. Alƙalai 7 suka ce ya zauna, 2 suka saɓa. Masu rinjaye suka ce bayan shekara 90 da wani abu ya tara ma'anoni da yawa, kuma gwamnatin da ke yawo tana rushe tsofaffin alamomi za a ɗauke ta mai gaba da addini. Alƙaliya Ruth Bader Ginsburg, Bayahudiya, ta amsa da cewa gicciye shi ne babbar alamar Kiristanci, tsufa bai sauya shi ba, kuma sojojin Amurka da ba Kirista ba ba a binne su ƙarƙashinsa.

A nan dole a yi wa masu son alamomin adalci. Yawancinsu ba mugaye ba ne. Uwar da ta ba da kuɗinta a gina abin tunawa da ɗanta da ya mutu a Faransa ba ta yi don ta ƙuntata wa kowa ba. Mutane da yawa suna jin cewa ana share addininsu daga idon jama'a kaɗan-kaɗan, kuma wannan jin gaskiya ne a wurinsu. Marubucin yana ganin barin tsohon abin tunawa da matattu a inda yake ya fi rushe shi. Amma wannan daban yake da ɗan siyasar da zai tashi yau, ana gab da zaɓe, ya kafa sabuwar alama a zauren hukuma domin a san su wane ne masu gari.

Idan aka buɗe ƙofa

Jihar Oklahoma ta koyi wani darasin. A 2012 aka kafa dutsen Dokoki Goma a harabar majalisarta, da kuɗin iyalin wani ɗan majalisa. Nan da nan wasu suka ce tunda an buɗe fili, su ma a ba su. Wata ƙungiyar Hindu ta nemi kafa gunkin Hanuman, wata kuma da ke kiran kanta Haikalin Shaiɗan ta nemi kafa mutum-mutumi mai kan bunsuru. Hukuma ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu. Ta shiga tsaka mai wuya: ta karɓi kowa, harabar ta zama abin da masu dutsen farko ba za su iya kallo ba, ta zaɓa, ta zama mai tantance addinin gaskiya.

Wanda sunansa yake kan ƙarar da ta kawo ƙarshen dutsen, Bruce Prescott, limamin Baptis ne, magajin waɗancan na Bajiniya. A 2015 kotun ƙolin jihar, alƙalai 7 da 2, ta ce a cire shi, domin tsarin mulkin Oklahoma ya hana amfani da kuɗi ko kadarar jama'a don wani addini. Ku lura da kalmar kadara. A Nuwamba 2016 aka tambayi masu zaɓe ko a soke wannan sashe, kusan kashi 57 cikin 100 suka ce a bar shi, a jihar da aka sani da riƙon addini.

Takaddamar ba ta mutu ba. A 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta ajiye ma'aunin da ta riƙa aiki da shi a irin waɗannan shari'o'i tun 1971, ta ce a riƙa duba tarihi da al'adar ƙasa. Wannan ya ƙarfafa wasu jihohi. A Yuni 2024 Luwiziyana ta yi dokar rataye Dokoki Goma a kowane aji, da gudummawar mutane, kusan irin ta Kentaki da aka soke a 1980. Iyaye masu addinai daban-daban suka kai ƙara, alƙalin tarayya ya dakatar da dokar a Nuwamba na shekarar, aka wuce kotunan sama.

Faransa da gida

Ba kowace ƙasa ce ta bi hanyar Amurka ba. Dokar Faransa ta 9 ga Disamba 1905 ta ce jamhuriya ba ta biyan albashi ko tallafi ga kowane addini, ta kuma hana kafa sababbin alamomin addini a gine-ginen hukuma. A 2016 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta ce siffar haihuwa ba ta da wuri a cikin ofishin magajin gari, sai in akwai dalili na al'adar wurin ko fasaha ko biki. Duk da haka yawancin tsofaffin cocin Katolika da aka gina kafin 1905 mallakar hukuma ne, da kuɗin jama'a ake gyara su. A Italiya kuwa, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yarda a 2011 gicciye ya ci gaba da zama a azuzuwa.

A Najeriya, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addini. A aikace, hanyar da aka fi bi ita ce a ba manyan addinai biyu: masallaci da coci a fadar shugaban ƙasa, hukumar alhazai da hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista, addu'a biyu a buɗe taro. Wannan ya fi kama da ƙudirin Patrick Henry, kuma ya taimaka wajen zaman lafiya a wurare da dama. Sai dai yana aiki ne inda ɓangarorin biyu suke da ƙarfi. A sakatariyar ƙaramar hukumar da ɓangare guda ya rinjaya ƙwarai, ko a Arewa ko a Kudu, ɗan tsiraru yakan shiga ya ga wurin ibada guda, rubutu guda a bango, alhali da harajinsa aka yi ginin. Bamaguje kuwa ba a ma sa shi a lissafi.

Mun kuma san yadda alama take ɗaukar ma'anar da ba a rubuta mata ba. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire rubutun ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50. Abin da rubutun yake faɗa Hausa ce zalla, adadin kuɗin kawai, domin wanda ya yi karatun allo ya gane abin da ke hannunsa. Amma wasu suna ganin haruffan sai su ga addini, wasu kuma da aka cire suka ji an taɓa nasu. Duk wanda ya tuna zafin wannan muhawara zai fahimci mutanen Pawtucket da dalarsu 20.

Tambayoyi da aiki

1. Waɗanne hani biyu ne gyara na farko na tsarin mulkin Amurka ya ƙunsa a kan addini? Ka faɗe su da kalmominka.

2. A shari'ar 1984 gwamnati ce ta sayi alamar amma aka bar ta. A ta 1989 ƙungiya ce ta saya amma aka hana. Me ya kawo bambancin?

3. Me ya sa 'yan Baptis na Bajiniya suka ƙi harajin da cocinsu ma zai samu rabo a ciki?

4. Lissafi: idan kafa siffar Pawtucket yana cin dala 20 a shekara, shekara nawa za a yi kafin a kashe dala 500,000?

5. Ku kasu gida biyu. Gida ɗaya ya kare ra'ayin alƙalai 7 a shari'ar Bladensburg, ɗaya ya kare na Ginsburg. Bayan minti 15 ku yi musanya, kowa ya kare abin da ya soka ɗazu.

6. Aikin gida: ka tuna wani ofishin gwamnati, asibiti ko kotu da ka shiga a cikin shekarar nan. Ba tare da ka ambaci sunan wurin ba, ka rubuta layi 10 a kan abin da ka gani a bango ko a haraba, wa kake jin ya biya, da abin da maƙwabcinka mai wani addini zai gani idan shi ne ya shiga.